Sanƙarau, Korona da Kyamara: Aikin Malaman Asibitin Ƙasar Gumel Na Jiran Mai Ɗauka

A watan Afrilun 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da rahoto kan sanƙarau a Najeriya. Daga farkon Oktoban 2022 zuwa tsakiyar wannan Afrilu, mutum 1,686 ake zaton sun kamu, 124 sun riga mu gidan gaskiya. Kashi 74 cikin 100 na masu cutar a Jihar Jigawa suke. A cikin Jigawar ma ƙananan hukumomi biyu ne suka fi jin jiki: Maigatari da mutum 505, Sule Tankarkar da mutum 247. Da aka tashi allurar rigakafi ta gaggawa a watan Maris, ƙasar Gumel aka nufa, wato Gumel da Maigatari da Gagarawa da Sule Tankarkar. Kafin nan cutar ta riga ta yi ɓarna a tsallaken iyaka, a Dungas da Magarya da sauran yankin Damagaram, tun daga Nuwamban 2022.

Kowane ɗaya daga cikin mutum 505 ɗin nan, akwai wanda ya tarbe shi a ƙofar asibiti. Akwai wanda ya riƙe shi aka nemi jijiya, akwai wanda ya goge aman, akwai wanda ya ce wa uwar yaro, “Inna, ki yi haƙuri, ki ɗan tsaya daga waje.” Rahoto ba ya ɗaukar waɗannan mutane, ba kuma aikinsa ba ne. Amma idan rahoton ne kaɗai abin da za mu bar wa 'yan baya, to mun ƙirga buhunan gero mun manta da wanda ya yi noman.

A wasu ƙasashe, abin da ke cike wannan giɓi shi ne fim ɗin gaskiya, wanda 'yan jarida ke kira dokumentari: babu jarumi, babu ƙirƙirarren labari, mutane ne na gaske a bakin aikinsu na gaske. Annobar korona ta haifar da irinsa da dama. Ya kamata mu dube su da kyau, mu kuma tambayi kanmu yadda namu zai kasance.

Kwandon wayoyin matattu

Wanda ya fi tsaya wa masu kallo a rai shi ne “76 Days”, da ya fito a 2020. Sunansa daga kwanakin da birnin Wuhan na ƙasar Sin ya yi a kulle ne, daga 23 ga Janairu zuwa 8 ga Afrilu. Mutum biyu ne suka riƙe kyamara a cikin asibitoci huɗu na birnin: Weixi Chen, da wani ɗan jarida da ya nemi a sakaya sunansa. Shi kuwa Hao Wu, wanda ya tace fim ɗin, yana Amurka, hotunan suna iske shi ta intanet. Babu mai sharhi a cikinsa, babu ƙwararren da aka zaunar a kujera yana bayani. Ma'aikata ne kawai cikin fararen rigunan kariya, ba a ganin fuskar kowa, har sai da suka riƙa rubuta sunayensu da yin zane a bayan riguna don a gane wane ne wane.

Fim ɗin ya buɗe da wata ma'aikaciyar asibiti tana kuka, tana roƙon a bar ta ta ga mahaifinta da ya rasu, abokan aikinta suna riƙe ta. Amma wurin da ya fi nauyi ba shi da ƙara ko kaɗan. Wata babbar nas ce zaune da tarin wayoyin hannu da katunan shaidar waɗanda suka mutu. Tana ɗaukar su ɗaya bayan ɗaya, tana fesa maganin kashe ƙwayoyin cuta, tana gogewa, tana sawa a leda. Wata wayar ma tana nuna saƙonnin da ba a buɗe ba. Daga nan ta kira dangi, ta ba su haƙuri, ta fita bakin shinge ta miƙa musu kayan. Wannan aiki ba ya cikin kowane jadawalin aikin jinya, kuma da ba a ɗauke shi ba, da ita da iyalan kaɗai suka san an yi shi.

A Amurka, Matthew Heineman ya shafe watannin farko na annobar a wani asibitin birnin New York, ya fito da “The First Wave” a 2021, inda ya bi Dakta Nathalie Dougé da abokan aikinta. Kafin korona ma, a lokacin Ebola, an yi “Body Team 12” a Laberiya, gajeren fim kan masu kwasar gawa na ƙungiyar Red Cross, da wata mace, Garmai Sumo, a tsakiyarsu. Duk waɗanda suka yi fice a cikin irin waɗannan finafinai abu ɗaya suka yi: sun zauna a wuri ɗaya, da mutane kaɗan, har mutanen suka daina lura da kyamara.

Najeriya ba a bar ta a baya gaba ɗaya ba. Steve Gukas ya yi “93 Days” a 2016, kan yadda Dakta Ameyo Stella Adadevoh da abokan aikinta suka hana Patrick Sawyer, mai ɗauke da Ebola, fita daga asibiti a Legas a 2014, suka tare Ebola, ita kuma ta rasa ranta. Sai dai wannan wasan kwaikwayo ne, 'yan wasa ne suka hau matsayin likitocin. A 2021 Femi Odugbemi da 'yar jarida Kadaria Ahmed sun fitar da “Unmasked”, fim ɗin gaskiya kan shugabanci da yarda a lokacin korona. Aiki ne mai amfani, amma da Turanci yake, kuma idonsa na kan ƙasa baki ɗaya. Ɗakin marasa lafiya na Babban Asibitin Gumel, ko sha-ka-tafi na wani ƙauye a Gagarawa, sai wanda ya zo musamman dominsu.

Azumin 2020

Wanda ya zauna a arewacin Jigawa a wancan lokaci bai manta ba. Tun watan Agustan 2019 iyakar Maigatari take a rufe bisa umarnin gwamnatin tarayya, ba a sake buɗe ta ba sai 16 ga Disamban 2020, tare da Illela da Seme da Mfum. Garin da numfashinsa ke ga kasuwar Alhamis, ga raƙuma da shanu da raguna daga Nijar, ga riɗi da zoɓo, sai korona ta iske shi a galabaice. Cutar ta ɓulla a Kano ranar 11 ga Afrilu, bayan kwanaki kaɗan ta shigo Jigawa ta Kazaure. Aka dakatar da kasuwannin mako. Gumel na cikin garuruwan da dokar kulle ta shafa a wancan azumi. Motoci suka riƙa sauke almajiran da jihohi ke mayar wa juna, aka killace ɗaruruwa a sansanin masu yi wa ƙasa hidima da ke Fanisau, kuma gwaji ya nuna da yawansu na ɗauke da cutar.

A Kano, masu haƙar kabari ne suka fara sanar da duniya cewa mutuwa ta yi yawa. Sai a watan Yuni Ministan Lafiya, Osagie Ehanire, ya ce mutum 979 ne suka rasu a ɗan wannan tsakani, kuma kashi 50 zuwa 60 cikin 100 na iya kasancewa da alaƙa da korona. Yadda aka samo adadin abin lura ne: bin gida-gida aka yi ana tambayar iyalai yadda mamacin ya yi jinya, domin babu gwaji, babu rubutu. A Haɗeja ma an yi irin wannan mace-mace a farkon watan Mayu, har gwamnati ta tura kwamitin bincike.

A tsakiyar duk wannan akwai malamin asibiti. A gari ana cewa babu cutar, ko kuwa ciwon manya ne masu hawa jirgi. A gida iyalinsa na tsoron abin da zai kwaso. A wurin aiki takunkumi da safar hannu ba su wadata ba. Likitan Daura, Dakta Aliyu Yakubu, na cikin waɗanda cutar ta fara ɗauka a Arewa, tun farkon Afrilu. Zuwa farkon Yuni, hukumar yaƙi da cututtuka ta ƙasa, NCDC, ta ce ma'aikatan lafiya 812 sun kamu a faɗin ƙasa. A tsakiyar watan likitoci masu neman ƙwarewa suka tafi yajin aiki kan kayan kariya da alawus ɗin kasada, wanda aka daɗe ana biyan naira 5,000 a wata. Haihuwa kuwa ba ta tsaya ba, zazzaɓin cizon sauro bai tsaya ba, haɗarin mota bai tsaya ba. Mutum ya zo da tari da zazzaɓi, babu yadda za a yi a san ko mene ne, kuma dole a taɓa shi.

Shekara ta zagayo, a 2021 amai da gudawa ta kama sama da mutum 111,000 a Najeriya, ta kashe fiye da 3,600, adadin da ya zarce duk mutuwar da aka tabbatar ta korona ce a ƙasar. Jigawa na cikin jihohi huɗu da suka fi shan wahala. Sai sanƙarau a 2023, ga mashaƙo yana bin yara a Kano da maƙwabta. A watan Maris na 2024, Najeriya ta zama ƙasa ta farko a duniya da ta fara amfani da sabuwar allurar Men5CV, mai kariya daga nau'i biyar na ƙwayar sanƙarau, kuma Jigawa na cikin wuraren da aka fara. Ma'aikatan da duniya ta gwada sabon makami da hannunsu su ne waɗannan dai, masu ɗaure akwatin ƙanƙara a bayan babur suna kutsawa cikin rairayi.

Saboda haka mai son yin fim kan annoba a ƙasar Gumel bai makara ba. Korona baƙuwa ce, ta zo ta wuce. Sanƙarau ɗan gida ne, yana dawowa da hunturu, ya yi ƙarfi da bazara, ba ya lafawa sai ruwa ya sauka.

Dalilin da ya sa ake gudun allura

Wani zai ce asibitin da ke neman gado da magani, ina ruwansa da fim? Tambaya ce mai kyau, amsarta kuma tana cikin tarihinmu.

Fim da kiwon lafiya tare suka shigo ƙasar nan. William Sellers, jami'in tsabta a Legas, ya fara amfani da fim a ƙarshen shekarun 1920 don yaƙi da annobar da ɓeraye ke yaɗawa, shi ne kuma ya jagoranci sashen finafinan mulkin mallaka da Ingila ta kafa a 1939. Daga nan motar majigi ta samo asali, wadda dattawanmu suka sani: a kafa farin ƙyalle a ƙofar fada bayan magariba, a nuna yadda ake tace ruwa, da yadda ake noman auduga kamar a “Baban Larai”. A 1950 wani fim da aka ɗauka a ƙasar Ibo kan gina ɗakin haihuwa, “Daybreak in Udi”, ya ci kyautar Oscar. Amma gwarzon fim ɗin Bature ne, jami'in mulki. Tsarin majigi ke nan: mai ilimi yana magana, talaka yana zaune a ƙasa yana saurare. Har yau yawancin abin da ake ɗauka da sunan wayar da kai bai fita daga wannan tsari ba. Babban mutum ya miƙa hannu a yi masa allura a gaban 'yan jarida, a yanka ƙyalle, a yi jawabi.

Mutane kuwa suna da dalilinsu na ɗari-ɗari. A 1996 sanƙarau ya kama sama da mutum 100,000 a Najeriya, ya kashe fiye da 11,000. A tsakiyar wannan masifa kamfanin Pfizer ya gwada maganin Trovan a Asibitin Zana da ke Kano, a gwajin da ya ƙunshi yara kusan 200. Yara 11 suka mutu, wasu suka nakasa, aka yi ta shari'a har aka sasanta da Gwamnatin Kano kan dala miliyan 75 a 2009. Wannan labari na cikin abin da ya ba jita-jita ƙarfi lokacin da aka ƙaurace wa allurar shan inna a 2003. A Fabrairun 2013 aka harbe masu allurar shan inna tara a Kano. Wanda ke biyan bashin rashin yarda kullum shi ne ƙaramin ma'aikaci, wanda bai san hawa ba bai san sauka ba, shi ne ke tsaye a ƙofar gida yana sallama.

Jawabi ba ya warkar da irin wannan. Abin da zai iya rage shi shi ne mutum ya ga ɗiyar maƙwabcinsa, wadda ya san ranar sunanta, tana kwana a tsaye kan ɗan wani, ya ga ita ma ta kai nata 'ya'yan an yi musu allurar. Gani ya kori ji. Kuma mun taɓa ganin ƙarfin fim ɗin gaskiya a kan lamarin da ya shafe mu kai tsaye: a 2018 sashen binciken BBC ya fitar da fim kan shan kodin, bayan Majalisar Dattawa ta ce ana shan kwalba miliyan 3 kullum a Kano da Jigawa. Washegari gwamnatin tarayya ta haramta yin maganin tari mai kodin da shigo da shi.

Malaman suna Damagaram

Ba sai an je Sin ko Amurka neman wanda zai koya mana ba. A tsallaken iyakar Maigatari akwai Hausawan da suka yi nisa a wannan sana'a. Aicha Macky, haifaffiyar Damagaram, ta yi fim a 2016 kan rashin haihuwa, “L'Arbre sans fruit”, ta fara da kanta: aurenta, zuwanta wurin likita, da mahaifiyarta da ta rasu wurin haihuwa. Da ta buɗe nata cikin, sai sauran mata suka buɗe nasu. Fim ɗin ya ci kyautar finafinan Afirka ta AMAA a shekarar. A 2021 ta fitar da “Zinder”, kan matasan unguwar Kara-Kara ta Damagaram, unguwar da aka daɗe ana ware wa kutare da waɗanda gari ya ƙi, kuma da Hausa mutanen ke magana. Sani Magori na Galmi ya yi fim kan manoman albasa na garinsu, ya kuma yi “Kukan Kurciya”. Akwai Malam Saguirou, shi ma ɗan Damagaram.

Waɗannan mutane sun karya maganar da ake yawan yi cewa Bahaushe ba ya sakin jiki a gaban kyamara. Yana saki, idan mai kyamarar na gida ne, idan ya zauna ya daɗe, idan kuma ya fara ba da nasa kafin ya nemi na wani.

A namu ɓangaren, ba ma'aikata muka rasa ba. Tun daga “Turmin Danya” a 1990, Kano ta tara masu ɗaukar hoto da masu tace fim da ba su ƙirguwa. Akwai tashar Arewa24 tun 2014, akwai makarantar koyon fim a Jos, akwai bikin finafinai na KILAF a Kano. Kasuwa ce ta ja kowa wajen soyayya da barkwanci da shiri mai dogon zango, domin nan ne kuɗi ke dawowa. Ban ga laifinsu ba. Amma masana'antar da ta shekara sama da 30 ya kamata a ce tana da gefen da ke ajiye tarihin mutanenta.

Sutura kafin komai

Nan ne aikin yake da wuya, kuma nan ne ya kamata a fi daɗewa ana tunani.

Duk wanda ya taɓa kwana jinya a asibitin gwamnati a yankin nan ya san yadda daren bazara yake. An kawo yaro a kan babur, uban na tuƙi, uwar ta rungume shi a tsakiya. Jiki zafi rau, wuya ya sanƙare, haske na damunsa. In jariri ne, maɗiga ta kumbura. Wataƙila kwana biyu ke nan ana fama a gida, an yi hayaƙi, an yi tofi, sai da ya fara suma aka taho. Wuta ta ɗauke. Malama ta kunna fitilar waya ta miƙa wa uban, ta ce, “Baba, haska mini nan.” Ta ɗaure hannun yaron, tana laluben jijiyar da ta ɓuya saboda rashin ruwa. Idan akwai mai iyawa, za a lanƙwasa yaron a ɗebi ruwan ƙashin baya don gwaji, iyaye kuma suna tsoron wannan allura fiye da komai, sai an zauna an lallashe su. Sannan a fara allurar ceftriaxone. Sanƙarau na iya kashewa cikin kwana ɗaya, kuma a cikin waɗanda suka tsira, kusan ɗaya cikin biyar na tashi da tabo: kurumta, farfaɗiya, ko raunin ƙwaƙwalwa. A baranda masu jinya sun shimfiɗa tabarmi, ga kwanon fura, ga buta. Da asuba za a ji ana “Ya mai jiki?”, a amsa “Da sauƙi,” ko da sauƙin bai zo ba.

Ina mai kyamara zai tsaya a wannan ɗaki? Uwar nan mayafinta ya zame, ba ta sani ba. Uban nan yana hawaye, abin da ba zai so a gani a kasuwar Maigatari ba. Yaron kuma ba shi da bakin cewa a'a.

Doka ta yi magana. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta ce bayanin rashin lafiyar mutum sirri ne, ba a fitar da shi sai da yardarsa a rubuce ko bisa wasu sharuɗɗa. Dokar kare bayanan jama'a ta 2023 ta ƙara ƙarfafa hakan. Amma takardar da aka dangwala wa hannu da tsakar dare, ɗa na kwance rai a hannun Allah, ba yarda ba ce. Mutumin da ke wannan hali zai sa hannu a kan komai, don yana zaton ƙin sawa zai rage kulawar da za a ba ɗansa. Yardar gaskiya sai an koma gida bayan sallama, an zauna da maigida da uwar ɗa, an nuna musu abin da aka ɗauka, an gaya musu cewa zai shiga waya, zai kai Legas, zai kai Damagaram, kuma ba a iya dawo da shi. In suka ce a cire, a cire, komai kyawunsa.

Mun riga mun ga kishiyar haka. Ranar 15 ga Oktoban 2024 tankar mai ta fashe a Majiya, cikin Ƙaramar Hukumar Taura, sama da mutum 150 suka rasu. Kafin gari ya waye hotunan ƙonannun bayin Allah sun cika wayoyi. Irin wannan ɗauka ita ta sa ma'aikacin asibiti ke ɗaure fuska da zarar ya ga an ɗaga waya, kuma yana da gaskiya. Mai fim ɗin gaskiya dole ya nuna tun ranar farko cewa shi ba wannan ba ne. Ɗakin mata da ɗakin haihuwa, mace ce za ta shiga da kyamara. Gawa ba a nuna ta. Akwai hanyoyi da yawa na nuna mutuwa ba tare da an tozarta mamaci ba: gadon da aka naɗe katifarsa, takalman yaro a hannun kakarsa, malamin da ya fita bayan ɗaki ya daɗe bai dawo ba. Masu “76 Days” sun samu sauƙi don rigar kariya ta rufe fuskoki. Mu kunya da sutura su ne za su nuna mana inda za a ajiye kyamara, kuma ina ganin fim ɗin zai fi kyau saboda su.

Sai ma'aikacin kansa. Shi ma'aikacin gwamnati ne, yana da na gaba da shi, yana tsoron takardar tuhuma da canjin wurin aiki. Idan kyamara ta nuna babu safar hannu, ko an rubuta wa majinyaci magani ya je kemis ya saya, wa zai ɗauki laifi? Idan ba a yi hankali ba, shi za a ɗora wa. Don haka izinin Ma'aikatar Lafiya da na Hukumar Kiwon Lafiya a Matakin Farko bai isa ba sai ya haɗa da alkawari a rubuce cewa ba za a hukunta kowa kan gaskiyar da ta bayyana ba. Ita ma hukuma ta sani cewa fim ɗin da aka share ko'ina aka jera sababbin zannuwa dominsa, babu wanda zai yarda da shi, mutanen gari sun san asibitinsu. Jigawa na da abin nunawa ba tare da kwalliya ba: tana cikin jihohin da suka yi zarra a allurar rigakafin korona, kuma asibitin Jahun, inda ƙungiyar likitoci ta MSF ke aikin haihuwa da yoyon fitsari tun 2008, sananne ne har wajen ƙasa. Wanda ya yarda a ga inda ya gaza, an fi gaskata shi a inda ya yi nasara.

Kuma kada a mai da su mala'iku. Majinyata na da nasu ƙorafi: tsawa a ɗakin haihuwa, jiran likita tun safe, fifita mai hanya. Fim ɗin da ya ɓoye wannan ya ci amanar masu kallo. A nuna malamar da ta yi tsawa, a kuma bi ta a ga mutum nawa ta duba tun jiya, a bar mai kallo ya yi hukunci.

Su wa za a bi

Finafinan waje sun fi bin likita. A ƙasar Gumel likita kaɗan ne, nauyin yana kan wasu: jami'an lafiya na al'umma da suka fito daga makarantar Jahun, nas-nas da ungozomomi daga Birnin Kudu, mai gwajin jini, jami'in sa ido kan cututtuka na ƙaramar hukuma wanda ke bin ƙauyuka yana cike fom, direban motar asibiti, mai shara da ke wanke bokitin masu amai da gudawa da ruwan kulorin, maigadin da ke tare dangi a ƙofa yana shan zagi. Akwai mai unguwar da ke zagawa da masu allura, da limamin da ke sanarwa bayan sallar Juma'a. Mutum uku ko huɗu daga cikinsu sun isa fim, in aka bi su daga Disamba zuwa faɗuwar damina, a wurin aiki da gida da gona.

Kayan aiki ba su ne matsala ba yanzu. Ƙaramar kyamara, makirfo mai kyau, batura da faifan sola sun wadatar, sauti ma ya fi hoto muhimmanci a ɗaki mai duhu. Abin da ke da tsada shi ne zama: abincin mutum biyu ko uku na wata shida, da man babur, da watannin tacewa. Kuɗin bai kai na taron bita guda a babban otal ba. Sai dai a kula da wanda ya ba da kuɗin, domin ƙungiyar da ta biya takan so tambarinta ya fi fuskar ma'aikaci fitowa. Kwalejin Ilimi ta Gumel na da ɗalibai 'yan ƙasa da za a iya horarwa, ita ce kuma ta dace ta ajiye kwafin duk abin da aka ɗauka, har wanda bai shiga fim ba, don masu bincike na gaba. Ma'aikatan da suka yi annobar 1996 suna yin ritaya, wasu sun rasu. Ko hira da su kaɗai aka naɗa, an tsirar da abu mai yawa.

In an gama, kada a fara kai shi bikin finafinai a Turai. A fara nuna wa waɗanda ke cikinsa, a ɗaki, su kaɗai. Sannan a kafa farin ƙyalle a ƙofar fadar Mai Martaba Sarkin Gumel, da filin kasuwar Maigatari daren Laraba lokacin da fatake suka sauka, da Sule Tankarkar, da Gagarawa, a shiga da shi gidaje don matan da ba sa fita. A tsallaka da shi Dungas da Magarya, tunda cutar ba ta tsayawa a shingen kwastan, harshen kuma ɗaya ne.

Kira na ga Ma'aikatar Lafiya ta Jihar Jigawa, da Majalisar Masarautar Gumel, da ƙungiyoyin ma'aikatan lafiya, da matasanmu masu riƙe kyamara a Kano da Dutse da Damagaram: a zauna a yi wannan magana tun da damina, a samu izini, a saba da juna kafin sanyi ya shigo. Ranar da gadaje suka cika, babu malamin asibitin da ke da lokacin sauraron baƙo.